Minti biyu a bakin ƙofar hol: yadda ake tallar labari a bikin fina-finai

Wanda datarsa ba ta kai ya saurari murya ba, ga shi nan an buga masa, sai ya karanta a nutse.

Yau maganar marubuta fim za mu yi. Tun ranar da na faɗa a wani shiri cewa ina ɗan taɓa rubutun fim, saƙonni suke ta shigowa, kuma tambayar kusan guda ce: na rubuta labari, wa zan kai wa? Wani ya ce sikirif uku ne a wayarsa, shekara biyu ke nan babu wanda ya karanta sai ƙanwarsa. Wata kuma ta ce an ba ta shawara ta je bikin baje kolin fina-finai, wai a can ake haɗuwa da furodusoshi, to in ta je me za ta ce musu? Tambayarta zan amsa yau. Amma bari in fara da kunyar da na sha, don kada ku sha irinta.

Bayan na gama bautar ƙasa, ina da ɗan abin da na tara daga alawus. Abokaina wasu jari suka ja da nasu, wani ya haɗa da rance ya sayi babur. Ni kuwa na ce Legas za ni, akwai bikin fina-finai. Na je shagon kwamfuta aka buga mini sikirif ɗina, shafi 112, kwafi uku, aka yi musu bango mai kyau. Na shiga motar dare daga Kano. A Agege na sauka wurin wani abokina. Kullum ana idar da sallar asuba in kama hanya, in sha cunkoso, in isa wurin bikin da jaka a kafaɗa kamar ɗan aike.

Kwana biyun farko wallahi ban yi wa kowa magana ba. In shiga hol in kalli fim, in tafa, in fito in raɓe a jikin bango ina danna waya kamar mai wani uzuri. Gani nake kowa ya san kowa, ni kaɗai ne baƙo.

Rana ta uku sai ga wani babban furodusa daga nan Arewa ya fito daga hol, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. Gabana ya faɗi, amma na tuna kuɗin motar da na kashe, na yi ta maza na ƙarasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da rana."

Ya ce, "Yawwa samari, barka dai. Yaya aka yi?"

Na ce ni marubuci ne daga Kano, ina da labari.

Ya ce, "To ina jin ka. Mota nake jira."

Jama'a, a nan na kwafsa. Na ce, ranka ya daɗe, wannan fim ne na wayar da kai a kan matsalar shaye-shaye da ta addabi matasanmu. Na shiga jero masa illolin ƙwaya, da sakacin iyaye, da rashin aikin yi, da laifin gwamnati. Kun san mu 'yan gwagwarmaya, in aka ba mu makirufo sai dai a ƙwace. Bawan Allahn nan ya yi haƙuri ya saurare ni kusan minti biyu, sannan ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Duk na ji. Amma labarin wa ye?"

Na ce, "Labarin matasan Arewa ne, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya. Ya ce, "Samari, matasan Arewa sun yi wa kyamara yawa. Mutum ɗaya nake tambayarka. Wane ne shi, me yake nema, me ya tare masa hanya?"

Na zuge jaka na fara laluben shafi, wai zan nuna masa. Kafin in samu, mota ta iso. Ya ce, "In ka gano shi ka neme ni." Ya shige ya tafi. Ko lambarsa ban karɓa ba.

Kwafi ukun da na kai Legas, su na dawo da su Kano, ko ɗaya bai ragu ba. A mota da farko haushi nake ji, ina cewa a raina ai dama manya ba sa son yara su taso. Sai da muka kai wajen Jebba, kowa ya yi barci, na yi wa kaina tambayar da ya yi mini. Labarin wa ye? Shafi 112 na rubuta da hannuna, amma na kasa amsawa. Mutumin nan ya ba ni abin da na je nema, ya tsaya, ya saurara. Ni ne ban je da kayan sayarwa ba.

To wannan ciwon mu da muka shigo rubutu ta ƙofar fafutuka ya fi kama mu. Matsala muke ɗaukowa, mu manta da mutum. Ku tuna 2018, lokacin da BBC ta fitar da bincikenta kan kodin a Najeriya. Shekara nawa ana taro ana jawabi kan maganin tarin nan? Amma da aka nuna fuskoki, aka nuna samari a ɗaure a gidan gyaran hali a Kano, ga 'yar jaridar da ta yi aikin, Ruona Meyer, ɗan'uwanta na jini abin ya taɓa, ba a yi sati ba gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Haka zuciyar ɗan Adam take, mutum take bi. Shi ma furodusa haka, shi ma mai kallo haka.

Abin da ya tambaye ni, a harkar fim loglayin ake ce masa. Ni ina kiransa ƙwayar labari. Jimla ɗaya ce ko biyu, kuma abu huɗu ake so a ji a ciki: wane ne mai labarin, me yake so, me ya hana shi, me zai rasa in ya gaza. Da na dawo na zauna zan rubuta nawa, sai na tarar babu wannan mutumin a sikirif ɗin gaba ɗaya. Mutum goma sha ne a ciki, kowa yana wa'azi. Wato ashe ba bakina ne kaɗai ya gaza a Legas ba, rubutun ne bai nuna ba. Dole na sake shi daga farko. Ga abin da na samu bayan wata huɗu:

Wata bazawara mai ƙaramin kemis a unguwa tana sayar da kodin a ɓoye don ta biya wa ɗanta tilo kuɗin jami'a. Sai ta gano cewa kwalaben da wani yaro yake saye a wurinta kullum, cikin ɗan nata suke ƙarewa, ga shi dilan da ya ba ta kaya bashi ya ɗibar mata sati biyu.

Kun ji bambancin? Shaye-shayen yana nan, talaucin yana nan, sakacin ma yana nan, amma ban ambaci ko ɗaya da suna ba. Duk wanda na faɗa wa, abin da yake fara cewa shi ne, to sai ta yi yaya? Wannan tambayar ita kake nema. In mutum ya yi ta, ƙofa ta buɗe.

Yawwa. Bayan ƙwayar labari akwai takardu, kuma hawa-hawa suke. Na farko shafi ɗaya tak: sunan fim, irinsa, wato na soyayya ne ko na ban dariya ko na bincike, mai dogon zango ne ko na zama ɗaya, sai taƙaitaccen labarin daga farko har ƙarshe, sai sunanka da lambarka da imel. Na biyu cikakken bayani, shafi biyar zuwa goma, labarin a zube ba tare da maganganun 'yan wasa ba. Na uku shi ne sikirif ɗin kansa. Shi ma yana da ƙa'idar rubutu, wadda a kanta ake lissafin shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim, shi ya sa fim na zama ɗaya yake kamawa daga shafi 90 zuwa 120. Akwai manhajoji irin su Celtx da WriterDuet da suke jera maka shi yadda ya kamata. Kuskuren da na yi, na tsallake hawa biyu na ɗauki na uku na kai wa mutumin da yake jiran mota. Babu mai karɓar shafi ɗari a tsaye. Shafi ɗaya kuwa ana naɗewa a sa a aljihu.

Kuma a shafi ɗayan nan, don Allah ka faɗi ƙarshen labarin. Marubutanmu suna son su rufe da "ko me zai faru? Sai kun kalla." Wannan maganar fasta ce, ta 'yan kallo. Wanda zai zuba kuɗinsa yana so ya san inda za a sauke shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu shi kansa bikin. Yawancinmu mun ɗauka wurin jan kafet ne da ɗaukar hoto da jarumai. Wannan na daren ƙarshe ne. Bikin fina-finai kusan gida uku ne a haɗe. Akwai wurin kallo, inda ake haska fina-finan da aka zaɓa, galibi darakta yana zaune a hol ɗin, in an gama a yi masa tambayoyi. Akwai zaman tattaunawa da bita, inda masu sana'ar suke koyarwa. Sannan a manyan bukukuwa akwai kasuwa, inda masu labari suke zama da masu kuɗi da masu rarraba fim. Marubuci sabon shiga, gida na biyu ne nasa, daga nan yake leƙa na uku.

Kuma ba sai ka fara da nesa ba kamar yadda na yi. A Kano akwai KILAF, wanda ya mayar da hankali kan fina-finan harsunan Afirka. Kaduna tana da nata bikin na ƙasa da ƙasa. A Abuja akwai Zuma, na Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta take Jos, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugabanta. A Legas akwai AFRIFF, wanda Chioma Ude ta kafa a 2010, ana yin sa wajen watan Nuwamba. In ka tsallaka iyaka akwai FESPACO a Wagadugu ta Burkina Faso, tun 1969 ake yin sa, yanzu duk bayan shekara biyu, yana da kasuwarsa da ake kira MICA. A Afirka ta Kudu akwai Durban FilmMart, kasuwa ce ta musamman ta haɗa masu aikin da ba a ɗauka ba tukuna da masu zuba jari.

Abin da ban sani ba a wancan lokacin, irin waɗannan kasuwanni da bitoci ba ranar biki ake shigarsu ba. Watanni kafin nan ake buɗe neman shiga a intanet, ka tura ƙwayar labarinka da takardunka, a tantance, a zaɓi 'yan kaɗan. Waɗanda aka zaɓa su ake ba wa lokaci su tsaya gaban masu kuɗi su yi bayani. Wasu shirye-shiryen ma sai kana da furodusa a tare da kai za su karɓe ka. Saboda haka ka bi shafukansu tun yanzu, ka rubuta ranar rufewa a inda za ka riƙa gani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

To ka isa wurin. Wa za ka yi wa magana? Mu dai da mun hango jarumi sai mu yi kansa. Jarumi yana da daɗin hoto, amma sai in shi ma yana shirya fim ne zai iya sayen labarinka. Furodusa kake nema, da darakta, da masu zaɓar shirye-shirye na tashoshi. Kafin ka bar gida ka duba jadawalin bikin, ka fitar da mutum biyar, kada su wuce haka. Kowanne ka kalli aikinsa ko da guda ɗaya ne. Ka san irin abin da yake yi da irin ƙarfinsa. Wanda yake fim mai dogon zango a YouTube da gida biyu da shago ɗaya, in ka kai masa labarin yaƙi mai dawaki ɗari biyu, ka ɓata lokacinsa ka ɓata naka. Tashar Arewa24 da ta yi Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, abin da take nema daban ne da na mai shirya fim don sinima. Ni labarina kemis ne da ɗaki da lungu, 'yan wasa shida. Wannan ma abin faɗa ne, don furodusa yana sauraronka yana lissafi a zuci.

Yadda za ka tunkare shi kuwa, tarbiyyar gida ta ishe ka rabin aiki. Ka yi sallama, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da abin da kake yi. Ka ambaci wani abu takamaimai a aikinsa da ya burge ka, ba "ina kallon duk fina-finanka" ba, kowa haka yake cewa. Sannan ka nemi izini: ina da labari, zan iya faɗa maka a minti ɗaya? In ya ce to, ka faɗi ƙwayar labarin, ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, na sani, amma ka yi. Ka bar shi ya tambaya. Kada ka tare mutum yana cin abinci, ko yana waya, ko zai shiga masallaci. Kuma kalmar nan ta "a taimaka mini" ka bar ta a gida. Ba bara ka je ba. Kai ma kana da abin da yake buƙata, don duk yawan kyamarorinsa, in babu labari ajiye su zai yi.

In an buɗe fagen tambaya a zaman tattaunawa, dama ce, amma tambaya ɗaya gajeriya. Na sha ganin wanda zai karɓi makirufo ya ba da tarihin rayuwarsa tun daga firamare, har a kashe masa. Wanda ya yi tambaya mai ma'ana kuwa, in an fito shi ake ganewa, ya riga ya samu abin fara hira.

Kuma ka san abin da za ka roƙa a ƙarshe. Babu wanda yake sayen sikirif a bakin ƙofar hol. Abin da kake nema a minti biyun nan shi ne izinin magana ta biyu. Ka ce, ranka ya daɗe, zan iya turo maka shafi ɗaya? Ta ina ya fi maka sauƙi? In ya ba ka lamba ko imel, ka rubuta a take, ka ƙara da abin da kuka tattauna don kada ka manta. Cikin kwana biyu zuwa uku ka tura, ka tuna masa inda kuka haɗu da wane labari ne. Ban da "slm" kaɗai ka zauna jiran amsa. Ban da saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp. Ban da kiran sha ɗayan dare. In sati biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, daga nan ka ƙyale shi. Shirun yau ba gaba ba ce, za ku sake haɗuwa a wani bikin.

'Yan'uwana mata, kalma ɗaya a nan. Maganar aiki a fili ake yin ta, a harabar biki, ko a ofis da rana. Duk wanda ya ce sai kin same shi a ɗakin otal zai karanta labarinki, ba labarin yake so ba. Ki tafi da abokiyar tafiya, kuma gida su san inda kike.

Yanzu in gaya muku wanda ya fi yi mini amfani a tafiyar Legas ɗin nan. Ba babban furodusan ba ne. Rana ta ƙarshe, ina layin karɓar abinci raina a ɓace, wani saurayi a bayana ya ji ina waya da Hausa, ya yi mini sallama. Ashe ya karanta harkar fim ne a Jos, yana da kyamara, yana neman labari, shi ma kwana uku yana raɓe a jikin bango kamar ni. Ashe rabin mutanen da nake ganin sun san kowa, baƙi ne irina. Muka yi musayar lamba. Da na sake rubutun, shi na fara tura wa. Shi ya ce mu yanki fitowa ɗaya, daren da uwar ta gane kwalbar a ɗakin ɗanta, mu yi gajeren fim da ita. Muka yi, minti tara, da kuɗin aljihunmu, a kemis ɗin wani maƙwabcinmu. Yanzu in na je wuri ba takarda kaɗai nake nunawa ba. Saboda haka kada idonka ya tsaya a kan manya. Na gefenka a layi, mai koyon darakta, mai koyon tace hoto, su ne za ku taso tare. Zumunci a ƙafa yake, kuma ba ranar da kake da buƙata ake fara shi ba. Ka kalli aikinsu, ka yaɗa musu, ka karanta rubutunsu kamar yadda kake so a karanta naka.

Na san tambayar da take ran da yawanku: in na faɗi labarina aka sace fa? Kun ga ni yanzu na faɗi nawa duniya tana ji. Tsoron yana da dalili, marubuta da yawa suna kukan an yi fim da aikinsu babu suna babu sisi. Amma ku fahimci abu ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sabunta a Najeriya a 2022, ba ta kare tunanin da yake cikin kai. Abin da aka rubuta take karewa. Saboda haka kariyarka ita ce ka rubuta. Ka gama sikirif ɗinka kafin ka fara talla, ka ajiye kwafi masu kwanan wata, ka tura ta imel don a samu shaida, in da hali ka yi masa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Ƙwayar labari da shafi ɗaya ka bayar hannu sake. Cikakken sikirif kuwa sai an zauna, kuma in za a yi aiki da shi a rubuta yarjejeniya: nawa za a biya, yaushe, wane suna zai fito a matsayin marubuci. Ko ɗan'uwanka ne a rubuta. Wanda ya ɓoye labarinsa shekara biyar don tsoron ɓarawo, ba a sace ba, amma kuma ba a yi ba.

Sai maganar harshe, don na san tana hana wasu fita. Ka shirya ƙwayar labarinka da Hausa da Turanci, 'yan'uwanmu na Nijar da Faransanci, ka haddace. Jimla biyu ce, ba lacca ba. Kuma kada ka ba kowa haƙuri don fim ɗinka na Hausa ne. A 2019 an cire fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oska ta fina-finan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi yawa a ciki. Shekarar da ta biyo, fim ɗin da Najeriya ta tura shi ne The Milkmaid, wanda akasarinsa Hausa ne, kuma da shi Maryam Booth ta ci kyautar AMAA. A 2024 aka sake tura na Hausa, Mai Martaba. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma sun nuna harshen yana da kasuwa. Can baya ma, a 1972, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. Kuma ku lura, The Milkmaid labarin rikicin Arewa ne, amma Desmond Ovbiagele ne ya rubuta shi ya ba da umarni, ɗan Kudu. Ban ga laifinsa ba, ya yi aikinsa. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu, namu yana cikin waya, ƙanwarmu kaɗai ta karanta.

Abu na ƙarshe, haƙuri. C.J. Obasi ya fara tunanin fim ɗinsa Mami Wata a 2016, ya yi ta kai shi bitocin gyaran labari, sai a 2023 aka haska shi a bikin Sundance na Amurka. Akinola Davies da ɗan'uwansa Wale da gajeren fim suka fara jan hankali, Lizard, wanda ya ci kyauta a Sundance a 2021. Sai a 2025 dogon fim ɗinsu, My Father's Shadow, ya zama na farko daga Najeriya da ya shiga jerin zaɓaɓɓun bikin Cannes na Faransa. Ni kaina har yau ban sayar da labarin bazawarar nan ba. Mutum biyu sun karanta shafi ɗayan, ɗaya ya nemi cikakken bayani, ina jira. Shi kuwa furodusan da ya ce in na gano mutumin in neme shi, ban sake samun tsayawa da shi ba tukuna. Amma duk ranar da Allah ya haɗa mu, ko mota yake jira, na san abin da zan ce.

Ga aikin gida. Ka ɗauki labarin nan da yake wayarka, ka matse shi a jimla biyu: wane ne, me yake so, me ya hana shi, me zai rasa. Kada ka fara kai wa marubuci. Ka faɗa wa mai shayin unguwarku, ko Hajiyarku tana tsinke zogale. In ta ce "Allah ya taimaka," koma ka sake. In ta ajiye tiren ta ce "to sai aka yi yaya?", fara tara kuɗin mota.

Nan za mu dakata. Wanda ya taɓa zuwa irin wannan biki, ya ba mu labarin yadda ta kaya da shi, mu ƙaru. Allah ya sa wa alƙalumanmu albarka, ya haɗa mu da masu amana. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.